Harafi Ɗaya a Cikin Manhaja: Sharhi a kan Daidaita Rubutu

A darussan ƙa'idojin rubutu mun saba da cewa mai karatu yakan yi wa marubuci uzuri. Idan ya ga "baki" inda ake nufin "baƙi", sauran jimla za ta nuna masa hanya. Wannan takarda za ta dubi wani fage inda ba a san uzuri ba, wato taskokin manhaja. Abin nufi da taskar manhaja shi ne tarin ƙananan umarni da wani ya rubuta ya ajiye, domin sauran masu tsara manhaja su riƙa ɗiba suna gina nasu aikin. Kowane umarni yana da suna, kuma da sunan ake kiran sa. Kwamfuta ba ta karanta ma'ana. Kowane harafi lamba ne a wurinta, in lamba ɗaya ta saɓa, to suna ya zama wani. Tare da taskar akwai littafin bayani, wanda shi kuma mutum ne yake karanta shi. Ke nan rubutu guda yana da masu karatu iri biyu, ɗaya mai haƙuri, ɗaya maras haƙuri.

Za mu ɗauki misalai uku daga Ingilishi, domin da shi ake rubuta akasarin waɗannan taskoki.

Na farko gajere ne. A tsarin Unix, umarnin ƙirƙirar fayil sunansa "creat", babu wasalin ƙarshe na kalmar "create". An ruwaito cewa da aka tambayi Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina tsarin, me zai sauya in da zai sake aikin, sai ya ce zai ƙara wannan wasali. Raha ce, amma akwai gaskiya a ciki: sunan yana nan har yau, don shirye-shirye masu ɗimbin yawa sun dogara da shi. A harshen Go, wanda ya fito a 2009 kuma Thompson yana cikin masu tsara shi, an rubuta kalmar cikakkiya.

Misali na biyu ya fi buƙatar tsayawa. A ƙa'idar HTTP, wadda da ita shafukan intanet suke tafiya, akwai wani layi da yake gaya wa shafi daga ina mai ziyara ya fito. Kalmar Ingilishi ta daidai ita ce "referrer", da baƙin r biyu a tsakiya, amma a takardar RFC 1945 ta shekarar 1996, wadda Tim Berners-Lee yake cikin marubutanta, an rubuta "Referer". Kuskuren ya zauna, don kafin a yi tunanin gyara ya riga ya shiga manhajoji ko'ina. Har nan babu abin zargi mai yawa, kowa yana kuskure. Inda nake da ja shi ne abin da ya biyo baya. Da aka zo tsara sabon layi da zai taƙaita abin da wancan yake bayyanawa, sai aka rubuta shi daidai: "Referrer-Policy". Haka kuma a JavaScript sunan shi ne "document.referrer". Yanzu abu ɗaya yana da rubutu biyu, kuma dole mai koyo ya haddace inda ake yin daidai da inda ake yin kuskure da gangan.

A ganina wannan gyara ya ƙara ɓarna. Na san maganar za ta yi wa ɗalibin harshe nauyi, tun da an horar da shi a kan cewa daidai ya fi kuskure a ko'ina. To amma a tambayi kai: mene ne aikin ƙa'idar rubutu? Aikinta shi ne mutum ya iya hasashen yadda za a rubuta kalmar da bai taɓa gani a rubuce ba. Kuskuren da aka bi a ko'ina yana iya yin wannan aiki. Daidai a nan, kuskure a can, ba ya iyawa. Masu gyaran sun kare martabar ƙamus, sun bar mai amfani da wahala.

Misali na uku ba kuskure ba ne, bambancin ƙasa ne. Tun ƙamus ɗin Noah Webster na 1828 rubutun Amurka ya kafu a kan "color", Ingila kuma tana rubuta "colour". Harshen CSS na ƙawata shafuka "color" kaɗai ya sani, ko da mai rubutu ɗan Landan ne. Shi kuwa Hadley Wickham, mutumin New Zealand da ya tsara taskar ggplot2 ta zana jadawali a harshen R, ya ɗauki wata hanya: taskarsa tana karɓar rubutun biyu, kamar yadda dplyr take karɓar "summarise" da "summarize". Ana yawan yabon wannan a matsayin adalci, kuma ya cancanci yabo, sai dai ba don dalilin da ake faɗa ba. Abin da ya sa tsarin bai rushe ba shi ne a can ciki ggplot2 tana mai da kowane "color" zuwa "colour" kafin ta yi aiki. Wato ƙofa biyu ce, ɗaki ɗaya. Duk da haka akwai farashi. Kowane umarni mai ɗauke da kalmar sai an yi masa tagwai, kuma wanda ya nemi misalai da rubutu ɗaya ba zai ga waɗanda aka rubuta da ɗayan ba. Saboda haka sassauci ya dace a wajen karɓa, amma littafin bayani ya kamata ya tsaya a kan rubutu guda daga farko har ƙarshe.

Me ya haɗa ɗalibin Hausa da wannan? Mu ma muna da namu "color" da "colour". An yi taron Bamako a 1966, an yi na Yamai a 1980 domin daidaita rubutun Hausa, amma har yanzu Nijar tana rubuta "ƴa", bisa ƙa'idar da hukuma ta tabbatar a 1999, Nijeriya kuma tana rubuta "'ya". Taskar bayanan harsuna ta CLDR, wadda manyan manhajoji suke ɗiba daga cikinta, ta ware Hausar Nijar da alamar ha-NE, ta kuma sa mata ƴ. Wannan mataki ne mai kyau, domin an bayyana bambancin an ba shi suna, maimakon a bar shi yana yawo a tsakanin shafuka. Aikin fassara manhaja zuwa Hausa yana hannun irinku, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da ya sami "Referer" zai iya samun kowace kalmar da kuka saka a manhaja kafin ku yi shawara a kan rubutunta.

A nan rubutun Nijar yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Harafin ƴ lamba ɗaya gare shi a Unicode, wato U+01B4, kamar yadda ɓ da ɗ da ƙ kowanne yake da tasa. Ita kuwa alamar da ake sa wa y a rubutun Nijeriya, aƙalla iri uku ake bugawa: miƙaƙƙiya ta allon bugu, U+0027, da lanƙwasasshiya wadda manhajar rubutu takan musanya da kanta, U+2019, da kuma U+02BC wadda aka tanada don ta zama harafi. A ido kusan ɗaya suke. A wurin kwamfuta kalmomi uku ne daban, kuma manhajar da ba a koya mata haɗa su ba, in aka nemi "'yanci" da alama ɗaya, za ta tsallake sauran biyun. Bugu da ƙari, a harsunan tsara manhaja da yawa miƙaƙƙiyar alamar ita ce take nuna farko da ƙarshen zance, don haka kalma irin "ma'ana" takan katse umarni a tsakiya idan ba a yi mata kariya ba. Wannan matsala ta biyu ba ta bar Nijar ba, tun da mu ma da alamar muke rubuta "ma'ana" da "sa'a" da "jami'a".