Dutsen Fenti da Kwalbar Gaggawa

Abin da ake yayi yanzu a wajen masu kiwon murjani cikin tankin gilashi shi ne busasshen farin dutse da wata 'yar kwalba. Mutum ya sayo tanki ranar Juma'a, ya jera duwatsu farare tas kamar alli, ya manne su da gam da siminti, ya dama gishirin kanti a tataccen ruwa, ya tuttule kwalbar bakteriya. Kafin Lahadi kifi biyu irin na fim ɗin Nemo suna ninƙaya a ciki, bidiyo ya hau YouTube. Wai tanki ya nuna. Ya nuna a ina?

Kifi na fitar da ammoniya, ragowar abinci ma idan ya ruɓe ita yake komawa, kuma guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke mayar da ita naitirait, wasu kuma su karɓa su mayar da shi naitiret, wanda ke da dama-dama. Kafin waɗannan ƙwayoyi su yi gida a dutse da yashi har su iya da kashin kifi, akan ɗauki mako huɗu zuwa shida, mai tanki na ɗiga ammoniya kaɗan-kaɗan, yana gwada ruwa da 'yan kwalaben awo. Mai kiwon tarwada ba zai yi mamaki ba, shi ma ba ya zuba 'ya'yan kifi a sabon tankin siminti ranar da magini ya tashi.

Gaskiya ɗaya ce, kwalbar tana aiki. A 1998 Timothy Hovanec da abokan bincikensa suka nuna cewa a tankunan ruwan daɗi Nitrospira ce ke cinye naitirait, ba Nitrobacter da littattafai suka daɗe suna yabo ba, daga nan kayan kwalba suka fara yin abin kirki. Ta kuma fi tsohuwar ɗabi'ar jefa 'yan kifi masu taurin rai cikin ɗanyen ruwa a ga wanda zai kai labari. To amma tambaya ɗaya tak kwalba ke amsawa: ina ammoniya za ta? Awo ya nuna sifili, sai mai tanki ya ɗauka ya mallaki teku.

Tun 1961 Lee Chin Eng, mazaunin Jakarta, ya rubuta a mujallar Tropical Fish Hobbyist yadda yake riƙe kifin teku da dutsen da aka ɗebo daga teku, da hasken rana, da kumfar iska, shi ke nan. Masu sha'awar abin a birnin Balin na Jamus suka ɗora a kai a shekarun 1970, suka haɗa dutsen da injin kwashe kumfar datti da fitila mai ƙarfi. Dutse mai rai suke ce masa. Tsohon ƙashin murjani ne mai ramuka da ƙofofi, kowane rami da mai shi.

Wanda ya taɓa buɗe kwalin dutsen Fiji ba ya mantawa. A da, a naɗe yake zuwa cikin jiƙaƙƙiyar jarida, bayan kwanaki a hanya, rabin mazaunansa sun mace. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ne ke fara yi wa mutum sallama. Sai a kai shi gareji, a zuba a durom ɗin roba cike da ruwan gishiri, kimanin giram 35 a kowace lita, a sa hita ta tsaya a digiri 25 ko 26, a sa famfo ya yi ta kaɗa ruwa, a rufe cikin duhu. Duk bayan kwana biyu-uku a tsamo dutse ɗaya-ɗaya, a kankare sosunan da suka yi baƙi da tsohon buroshin haƙori, a zubar da ruwan, a dama sabo. Mutanen gida su yi ta mita. Bayan mako biyu zuwa huɗu hanci ne ke yanke hukunci kafin awo: ɗoyi ya tafi, ƙamshin bakin teku ya maye gurbinsa. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse, sai dai kada wani ya ɗauki maganar a zahiri ya ɗora tukunya. Wasu halittu da ke manne a dutsen na ɗauke da mugun dafi, turirinsa ya sha kwantar da mutane a asibiti a Amurka da Turai.

Ladan wahalar da dare ake ganinsa. A kashe fitila a haska tocila: ƙananan ƙwarin ruwa na tsere a jikin gilashi, siraran hannayen tauraron teku sun leƙo daga rami, tsutsotsi masu tuntu kamar gashin tsuntsu sun baje, suna jin inuwa su shige. Jikin dutsen kuwa ya sha ɓawon gansakuka mai tauri, shunayya da ruwan hoda. Ba wanda ya sayi ko ɗaya daga cikinsu. Tare da dutsen suka zo, kuma su ne suka riga kowa tare fili.

Farin dutse fili ne da ba mai shi, duk wanda ya riga zuwa ya kafa bukka. Da farko ƙura mai ruwan ƙasa ce ke lulluɓe yashi. Sai jar shimfiɗa mai santsi. Sai koren gashi, wanda fosfet ɗin da wani busasshen dutsen ke saki yake ƙara wa ƙarfi. Uwa-uba wata majina mai launin tsatsa, mai kumfa a baki, wadda wani irinta ke kashe dodon koɗin da aka sayo don ya share tanki. Tsofaffin hannu sun daɗe suna cewa ta fi addabar tankin da aka fara da busasshen dutse aka kuma tace shi ƙal. Masu yayi sun ma raɗa wa waɗannan watannin farko suna, wai lokacin muni, kamar wata ƙaddara ce da ba makawa.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Kwalbar ƙwarin ruwa, kwalbar abincin ƙwarin, kwalbar irin gansakuka mai tauri, fitilar kashe ƙwayoyi, sai a lulluɓe tanki da kwali kwana uku. Abin da ake samu kyauta a jikin dutse guda, shi ake saye tsinke-tsinke. Abin haushin ma, yanzu har fenti ake yi wa dutsen tun daga masana'anta, shunayya shar, don ya yi kama da wanda ya shekara goma a teku. Kunya dai ta ƙare.

Masu farin dutse suna da abin faɗa. Da ƙarfe ake ɓamɓaro dutse mai rai daga inda murjani ke rayuwa, shi ya sa aka hana ɗibarsa a ruwan Fulorida gaba ɗaya tun 1997, Tonga ta rufe ƙofa a 2008, Fiji ta bi sahu a ƙarshen 2017. Yana kuma zuwa da baƙin da ba a gayyata ba. A 2009 ma'aikatan gidan kifi na Blue Reef da ke Newquay a Ingila sun wargaza tanki dutse bayan dutse suna neman mai yi musu ɓarna, suka tarar da tsutsa mai tsawon fiye da mita ɗaya, suka sa mata suna Barry.

An ji. Amma wa ya ce sai an fasa gidan murjani? A gaɓar Fulorida akwai masu hayar fili a ƙarƙashin teku, su zuba dutsen da aka haƙo a tudu, su bar shi shekaru teku ta yi masa ado, sannan su ciro su aiko shi ta jirgin sama a cikin ruwa, ba a jarida ba, ya iso da ransa. Yana da tsada, amma wanda ya iya kuɗin fitilar da ake sarrafawa da wayar hannu bai kamata ya yi kukan kuɗin dutse ba. Ko kashi ɗaya cikin huɗu na jerin ya zama irinsa, sauran farin zai kamu. In hakan ya gagara, a roƙi dunƙule biyu daga lafiyayyen tankin da ya shekara biyar. Don gudun baƙin da ba a gayyata ba, a ba dutsen mako biyu a durom, a jingina kofin gilashi da guntun jatan lande a ciki da dare, duk ƙaguwar da ta faɗa ba ta iya hawowa.