Kafin a sa diga a tsohon jujin Nguru

Tun shekarun 1970 wata sha'awa ta yi ƙarfi a Ingila, ga ta kuma a Amurka da Ostireliya: mutum ya saɓi shebur ranar hutu, ya nufi inda aka riƙa zubar da shara shekara ɗari baya, ya yi ta tono yana neman tsofaffin kwalabe. Yanzu bidiyon masu wannan abu ya cika YouTube, saurayi a Gashuwa ko Yusufari yana kallon Bature tsundum cikin rami, ya zaro kwalbar lemo mai ƙwallon gilashi a maƙogwaro, irin wadda Hiram Codd ya ƙirƙiro a 1872, ya goge ta a riga yana murna. Ba sai an yi duba ba, wata rana wani zai tuna mu ma muna da tsohon juji. Tara kwalabe ban ga aibinsa ba. Tonon ne nake jayayya da shi, domin abin da zai lalata ya fi abin da zai fitar daraja.

A ɗauki Nguru. Jirgin ƙasa ya iso ta daga Kano a 1930, nan layin dogo ya tsaya. Gyaɗa da ƙaro da fatu suna tafiya kudu, kayan kanti suna shigowa: kananzir, atamfa, magunguna, turare irin su Bintu Sudan da ya fito kasuwa a 1920. To amma mu ba ma yar da kwalba da lafiyarta. Ta lemo ta koma ta man gyaɗa, ta magani ta koma ta kananzir, ta turare a ajiye ta bayan jere, sai ta fashe sannan ta ga bola. Ke nan mai neman kwalba lafiyayya a irin wannan juji sai ya kife tudu guda kafin ya samu 'yan ƙalilan. Abin da zai watsar gefe shi ne tsingaro, da ƙashin kifi da na dabba, da fasassun tasoshi, da anini mai huda. Anini kuwa yana ɗauke da shekararsa a jiki, kuma juji hawa-hawa yake taruwa, na ƙasa ya girmi na sama. Masana suna iya gane kwalbar inji daga layin da ya bi gefenta har baki, tunda sai a 1903 Michael Owens ya fito da injin yin kwalba a Amurka. Wannan shekarun kwalbar kaɗai zai faɗa. Yaushe ta shigo gidan mutumin Nguru, me ake ci a gidan a lokacin, yaushe tasa ta fara korar ƙwarya da akushi, amsar tana cikin abin da ke kwance kusa da ita. Takardun Turawan mulki sun fi damuwa da haraji da tan-tan na gyaɗa. Tukunyar talaka sai a juji.

Yobe ta riga ta ga amfanin barin abu a makwancinsa. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune, ya ci karo da katako a zurfin kamar mita 5. Labari ya kai ga hukuma. A 1994 Peter Breunig na Jami'ar Frankfurt da Abubakar Garba na Jami'ar Maiduguri suka jagoranci fito da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000, babu wanda aka sani ya girme shi a Afirka. Da an faskare shi an kai murhu, ko an sayar wa dillali a ɓoye, wa zai san da Dufuna? Sai a kwatanta da Nok. A shekarun 1990 masu tono suka yi wa yankin rubdugu, mutum-mutumin yumɓu suka yi ta sulalewa zuwa Turai, har wasu suka bayyana a gidan tarihi na Louvre a 2000, aka yi ta cece-ku-ce. Kayan suna nan sumul cikin gilashi, amma ramin da suka fito an birkice shi, kuma babu mai iya mayar da ƙasa yadda ta kwanta.

Za a ce ina haɗa kwalbar giya ta zamanin Turawa da kwalekwalen Dufuna, ai hanyar jirgi daban ta mota daban. Gaskiya ne, ba darajarsu ɗaya ba. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana tonon kayan tarihi ba da izini ba, kuma da wuya masu rubuta ta sun yi tunanin kwalbar kanti. Sai dai hannun da ya saba da tono ba ya tsayawa inda ya fara. Wanda ya ɗanɗana kuɗi daga jujin tasha, gobe kufai zai nufa. Kufan Birnin Ngazargamu, babban birnin Borno tun zamanin Mai Ali Gaji har faɗuwarsa a 1808, yana nan kusa da Gaidam a fili. A Yusufari kuwa, inda iska ke kwashe rairayi daga nan ta jibge can, abin da ke binne yana iya fitowa ba tare da an sa masa fartanya ba.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta ciki. 'Yan jari bola suna bin juji kullum, masu gini suna yanka harsashi ba su tambayi kowa ba, manoma suna kwasar tsohon juji su kai gona taki. Idan abin zai salwanta ko ta yaya, me ya sa za a hana yaro ya samu na cefane? Ba na cewa a hana shi, wanda ke neman abin sa wa a baki ba a yi masa lacca kan tarihi. Maganata da mai sha'awa ce, wanda ya ƙoshi, yake da waya da data, wanda kuma kuɗinsa ne zai buɗe kasuwar. Muddin ya fara sayen kwalbar da aka tono da tsada, ya tura yara cikin rami, ramin juji kuwa yana ruftawa, ga fasassun gilasai.

Mai son tara kwalabe yana da inda zai nufa ba tare da shebur ba. Tarin 'yan jari bola na nan, ɗakunan tsofaffin mata na nan, kuma kwalbar da aka karɓa daga hannun kaka tana zuwa da labarinta: wa ya sayo, a wane kanti, a bikin wa. Inda kuwa gini ko zaizayar ruwa ta buɗe tsohon juji, a ɗauki hoton bangon ramin kafin a zare komai, a rubuta unguwa da zurfi, a sanar da gidan tarihi na Damaturu ko malaman tarihi a jami'a. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa tana nan tun 2013, kuma daga can zuwa tashar jirgin Nguru ba wata tafiya ba ce.