Yabo, Godiya da Ceto: Nazari kan Kalmomin Ibadar Kirista a Hausa

Tun da ƴan mishan na SIM suka sauka Damagaram a 1924, daga baya suka kafa mazauni a Tsibiri kusa da Maraɗi, suka buɗe asibitin Galmi a 1950, littattafai biyu ne suka fi shiga hannun Kiristan Nijar masu jin Hausa: Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke a 1932, da Littafin Waƙoƙi. Duka biyun daga Najeriya suka zo. Mutane da dama da su suka koyi karatun boko, don haka ya kamata masu tsara yaƙi da jahilci su san irin Hausar da ke cikinsu.

Inda ake yabon Allah saboda halitta, fassara ta zauna daram. Zabura ta 104 tana lissafa maɓuɓɓugan ruwa cikin kwari, da jakunan jeji masu kashe ƙishirwa, da ciyawar dabbobi, da mutum mai fita aiki har maraice. Manomin Gobir ba ya bukatar mai yi masa bayani. Zabura ta 136 kuwa, da layi ɗaya da ke maimaituwa sau 26, ginin waƙa mai amshi gare ta, irin wadda mata ke yi wajen daka. Kalmomin nan, Allah, Ubangiji, Mahalicci, halitta, Musulmi da Kirista ma'ana guda suke ba su.

Wahalar tana farawa ne daga godiya saboda ceto. A bakin yawancin Hausawa, ceto shi ne roƙon da Annabi zai yi wa al'ummarsa ranar alƙiyama, wato abu ne da ake sa rai da shi, bai zo ba tukuna. Kirista kuwa, in ya ce ceto, yana nufin aikin da aka riga aka gama ta mutuwar Yesu da tashinsa, shi ya sa yake godiya yanzu. Kalma ɗaya, lokaci biyu. Baƙon da ya ji waƙar daga bakin ƙofar majami'a zai iya tambaya: yaya ake gode wa abin da ba a karɓa ba?

Fansa ta fi sa'a. Tana da tushe a tarihin ƙasar nan, lokacin da bawa ke biyan dukiya ya fanshi kansa, ko danginsa su fanso shi. Hoton ya dace da abin da ake nufi, sai dai yaran yau sun fi sanin ta cikin "ɗaukar fansa", wato ramuwa. Alheri kuma an ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Mafassara suna nufin kyautar da mutum bai cancanta ba, ba ya kuma iya biya, alhali alherin Bahaushe danƙo ne, ana sa ran ya komo. Ko yabo kansa ba ya rasa ƙurar maroƙi, wanda ke wasa sarki don ya samu riga.

Ba mu ce masu fassara sun yi kuskure da suka ɗauki waɗannan kalmomi ba. Ƙirƙiro baƙi da ya fi muni. Inda muke ganin sun gaza shi ne a waƙoƙi. Yawancinsu fassara ce daga Ingilishi, aka bar su kan muryarsu ta asali. Waƙar Hausa tana tafiya bisa gaɓa mai nauyi da marar nauyi, magana kuma bisa karin sauti, muryar Turawa ba ruwanta da ko ɗaya. Sai a ja gajeren wasali, a danne dogo, a ɗaga inda harshe ke sauka. Waƙoƙin da ƙungiyoyin zumuntar mata ke tsarawa da kansu, da ganga da amshi, sun kuɓuta daga wannan aibi, amma kaɗan ne daga cikinsu aka rubuta.

Aiki biyu ke jiran masu bincike: a ɗauki waɗannan waƙoƙi na baka a Maraɗi da Tawa a rubuta su da alamun sauti, sa'an nan duk ƙamusun da za a tsara ya ba ceto, fansa da alheri ma'anoninsu biyu, kowace da misalinta.