Tekun da ke cikin kwamfuta

Duk mutumin Rano ko Kibiya da ya taɓa zuwa bakin madatsar Tiga ya ga masunci tsaye cikin kwalekwale yana jefa birgi. Ruwa na rausaya jirgin, iska na turin mutumin, ƙafafunsa kuwa na gyara tsayuwa ba tare da ya lura ba. To, akwai injiniyoyin da sana'arsu ke nan: koya wa ƙarfe irin wannan tsayuwa tun ba a ƙera shi ba.

Injinan iska 37 na Lambar Rimi a jihar Katsina a ƙasa aka dasa su. Inda teku ya yi zurfi kuwa babu wurin dashe, sai a bar injin ya yi iyo, a ɗaure shi da sarƙoƙi. Haka aka yi a Hywind Scotland, kusa da garin Peterhead, a 2017: injina biyar masu ba da megawat 30, kowanne gindinsa ya nutse mita 78 cikin ruwa, faɗin fankarsa mita 154.

Wa zai jefa wannan dukiya a teku da ka? Sai an fara gina ta da lissafi. A manhaja irin OpenFAST, wadda cibiyar NREL ta Amurka ta samar, injiniya kan ƙirƙiri raƙuman ruwa da guguwa, ya sake su kan injin. Kwamfuta na bin motsi iri shida: gaba da baya, gefe da gefe, sama da ƙasa, sunkuyo, karkata, da juyi. Tana auna jan sarƙa da lanƙwasar fikafikai sau da yawa a kowace daƙiƙa, a maimaita gwajin sau dubbai, sannan a gwama sakamakon da ɗan ƙaramin samfuri cikin tafkin gwaji.

Abin da ya fi burge ni shi ne matsalar da lissafin ya tono. In iska ta yi ƙarfi, na'urar da ke kula da injin kan karkata fikafikai don rage turi. A tudu wannan daidai ne. A ruwa kuwa, idan hasumiyar injin ta sunkuya wajen iska, sai na'urar ta ji kamar iskar ta ƙaru, ta rage turi, hasumiyar ta ƙara sunkuyawa. In ta koma baya, sai a ƙara mata turi. Mai gadi ya zama mai kaɗa lilo! Ƙarfe lafiya, sarƙa lafiya, cutar tana cikin haɗuwar iska da ruwa da na'ura, kuma sai wanda ya lissafa ukun tare zai gan ta.

A 2007 masu bincike a cibiyar Risø ta ƙasar Danmak suka nuna magani: a rage wa na'urar gaggawa, martaninta ya fi lilon hasumiyar nawa. Da guguwar Caroline ta taso a Disamban 2017, da raƙuman ruwa sama da mita takwas, injinan Hywind biyar ɗin nan suka yi ta rausaya a kan sarƙoƙinsu har ta wuce.