Birnin Gwari a Kan Sirdin Keke

Duk wanda ya ce yawon keke sai garuruwan bakin teku na Turai, inda aka ware wa 'yan keke titinsu daban iska na busowa daga ruwa, to bai taɓa taka feda a ƙasar Birnin Gwari cikin watan Nuwamba ba. Na san abin da ke faɗo wa mutum a rai da ya ji sunan garin, kuma zan zo kansa. Amma a bar ni tukuna in yabi abin da ya isa yabo, don wallahi ƙasar nan ta haɗu, sai wanda ya taka.

A fara da kwanciyar ƙasar. Ba irin ta Kano ba ce da za ka yi ta murza feda kana kallon abu guda har ka ƙosa, ba kuma hawan Jos ba ne mai ɗauke numfashi. Tudu a hankali, gangare a hankali. Ka ɗan sha wuya ka hau, sai gangare ya biya ka ladanka, ka saki feda keke na gudu da kansa, riga na cika da iska. Shi ya sa ko keke marar giya, irin Phoenix ɗin manoma, ya ishe ka. Sai dai ka san lokacin zuwa. Daga ƙarshen Oktoba ruwa ya ɗauke, jar ƙasar hanyoyin gona ta bushe ta yi tauri, taya na bin ta sumul, rafuka kuwa ba su ƙafe ba tukuna. Wanda ya bari sai Fabrairu, yashi ya saki, ƙura ta yi kauri, rabin tafiyarsa turi zai yi.

Hanyar da nake fara kai baƙo ita ce ta Bagoma, inda madatsar ruwa take, ba nisa da gari. Ana sallame asuba a tsaya wurin mai shayi, a kora da burodi, a hau. Kai! Ka iso bakin ruwan nan rana na fitowa, hazo na tashi daga kansa, balbelu sun yi layi a gefe, masu lambu sun riga ka zuwa. Tafiya ce mai sauƙi, ko wanda rabonsa da keke tun yana firamare zai je ya dawo bai yi tsami ba.

Amma daɗin na gaske yana kan 'yan siraran hanyoyin da ke ratsa gonaki. A nan ne nake rasa bakin magana. Da kaka ko'ina masara ce an zube ana shanya, dawa ta sunkuyar da kai, ana dukan waken suya ƙaiƙayi na tashi. Ɗorawa da kaɗanya tsaye a tsakiyar gonaki, don manomi ba ya sare su, kowace da inuwar da za ta sa ka ce bari in ɗan huta alhali ba ka gaji ba. Sannu da aiki daga dama, barka da zuwa daga hagu, hannunka ɗaya ba ya zama a kan keke don amsa gaisuwa. Sai ka ci karo da gwanayen hanyar, manoman da suka ɗaure buhun masara a kariya, wani ma da damin dawa a kai, suna bin hanyar da faɗinta bai wuce taku biyu ba ko tangaɗi babu. Duk mai taƙama da keken tsere ya zo nan ya ɗauki darasi.

Tsidau kuwa ba ya raga wa kowa, kuma har wannan ina so, don shi ke kai ka wurin mai faci. A wani ƙauye na tura keke zuwa gindin mangwaro inda wani dattijo ya baje kayan aikinsa.

"Baba, sannu da aiki. Taya ce ta yi faci."

"Yauwa ɗana, kawo. Ina aka nufa da wannan keken 'yan gayu?"

"Yawo kawai, Baba."

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi kariya ba komai a kai. "Ba kaya, ba aike? To Allah ya ƙara lafiya, ita ce ta yi yawa."

Ya zare tiyub, ya ba shi iska, ya riƙa tsoma shi cikin kwanon ruwa gaɓa gaɓa har kumfa ta tona asirin hujin. Ya kankare wurin, ya shafa sholisho da ɗan yatsa, ya hura ya bari ya sha iska, sannan ya manna faci ya danne da gindin sifana. Kafin ya mayar sai da ya zagaya cikin tayar da yatsunsa ya ciro ƙayar, ya ɗora min a tafin hannu. Aiki tsaf, tubarkalla. Kafin ya gama wata 'yar Fulani ta sauke ƙwarya, aka dama min fura da nono mai kauri wadda har yau ban sha irinta a birni ba.

Babban titi, wanda ya taso daga Kaduna ya nufi Tegina, ba na ɓata lokaci a kansa. Manyan motoci ne da ramuka. Ka tsallaka shi kawai ka koma jar ƙasa.

To, maganar da na ce zan zo kanta. Sama da shekara goma 'yan bindiga sun hana ƙasar nan sakat. Kilomita wajen 120 da ke tsakanin Kaduna da Birnin Gwari sun zama tafiyar da ake yi da addu'a a baki, a jira rakiyar sojoji, ƙauyuka sun tashi, gonaki sun koma saura. Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubair Jibril Mai Gwari II, ya sha fitowa yana kai kukan jama'arsa. A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya zo garin bayan sulhun da aka ƙulla da 'yan bindigar, aka sake buɗe kasuwar kara da ta shekara kusan goma a rufe. Shi ya sa ganin manomi yana dawowa da buhu a bayan keke yake faranta min rai fiye da kima: an daɗe ba a ga haka ba a wurare da yawa. Duk da haka ba a fita da ka. A tafi da ɗan gari, a tambayi mai unguwa da 'yan sa-kai wace hanya ce lafiya a ranar, a dawo gida kafin azahar. In sun ce kada a bi, magana ta ƙare.

Dajin kuwa, Kamuku, shi ne abin da ke hana ni barci. Tun 1936 aka keɓe shi a matsayin gandun dajin En'e, a 1999 ya zama gandun ƙasa, faɗinsa murabba'in kilomita kusan 1,120, kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Zamfara. Doka ce ta fi yawa a ciki, ga maje, ga kawo, ga taura. An ƙirga tsuntsaye iri 177, har da burtu mai tafiyar ƙasaita. A nan giwaye ke kai da kawowa a da, ga gwanki da kanki. Akwai magangarar Dogon Ruwa, akwai Goron Dutse, ƙaton dutse guda tilo mai santsi da zanen baƙi da fari, akwai Tsaunin Rema inda duwatsu suka hau kan juna remaye na leƙe daga ramuka. Ka yi tunanin hanyar keke da ta haɗa wuraren nan uku, a lokacin da doka ta fitar da sabon ganyenta ja! Yanzu dai cikin dajin ba wurin ɗan keke ba ne, a nan ɓarayin suka yi sansani shekara da shekaru, kuma ba wanda ke shiga sai da izini da rakiyar hukuma. Daga nesa kake hango bakinsa ya yi duhu, ka haɗiye miyau ka juya.

Burkina Faso na gudanar da gasar kekenta ta Tour du Faso tun 1987, har 'yan Turai na zuwa su fafata a cikin rana da ƙura. Ban ga abin da hanyoyinsu suka fi namu da shi ba. Ranar da aka shirya ko da 'yar ƙaramar tsere ce daga ƙofar fada zuwa Bagoma a dawo, ni ne farkon rubuta suna, da sharaɗi guda: a buɗe rukunin masu Phoenix, kuma a bar su su shiga da buhunsu.