Masu Karanta Tsohon Kuɗi

A gidajen Gyadi-Gyadi da Tarauni, ba a rasa tsohuwar da ke da anini ko kobo mai huda a ƙasan akwatinta. Yara na ganinsa tarkace ne. Amma akwai masu ido, waɗanda in suka ɗora ƙwandala a tafin hannu sai ta ba su labarinta.

Gwani ba ya garaje. Zai fara jin nauyinta, ya duba gefenta, sannan ya ɗauko gilashin ƙara girma ya bi rubutun harafi bayan harafi. A kobon zamanin Turawa, mai tauraro mai kusurwa shida da rubutun Larabci, ƙananan haruffa yake nema: H na nufin masana'antar Heaton ta Birmingham ce ta buga shi, KN kuwa Kings Norton. In ya ga 1936 da sunan Edward na Takwas, ya san ya riƙe kuɗin sarkin da ya yi murabus bai cika shekara ba, wanda kuɗinsa bai taɓa yawo a Ingila ba.

Dalar azurfa mai hoton Maria Theresa, wadda fatake suka shigo da ita ƙasar Hausa, ita ce ke tona asirin ɗan koyo. Kusan kowace tana ɗauke da 1780, shekarar rasuwar sarauniyar, alhali an ci gaba da buga ta a Viyana, Landan, Rum da Bombai. Don haka gwani ba ya dogara da shekarar. Yana auna ta ya ga ko ta kai giram 28, ya jefa ta ya saurari amonta.

Haka masana kuɗin birnin Sur na Labanan suke yi da shekel ɗinsa na zamanin Rumawa: gaggafa da kulkin gunkinsu Melkart ke nuna garin, haruffan Girkanci kuma su ba da shekara bisa lissafin birnin, wanda ya fara shekara 126 kafin haihuwar Annabi Isa.

Abin da ya fi burge ni da mutanen nan shi ne kamun kai. Ba sa goge tsohon kuɗi da toka ko lemun tsami, domin dushewar nan shaidar shekarunsa ce. Duk mai irinsa a gida, ya kai wa masani kafin ya kai wa maƙeri, domin abin da aka narkar ba ya dawowa.