Zanko a Kan Siminti

A 1903 Lugga ya shigo Katsina ta Ƙofar 'Yandaka. Birnin da ya tarar na ƙasa ne: ganuwa, soraye da zauruka, duk tubali da azara, an shafe da makuba. Mai wucewa ta nan yau bulo zai gani, da kwano mai launi, da shaguna masu ƙyauren ƙarfe. Sai masu kishin gargajiya su ce ginin Hausa ya mutu. Sun yi gaggawar yanke hukunci.

Ai ginin nan bai taɓa zama wuri guda ba. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 da ƙasa aka gina ta, magina suka yi wa boko ajujuwa da hannun da suka gada. Da kuɗin gyaɗa da auduga suka shigo hannun attajirai, sai fuskar gida ta zama wurin nuna arziki. A Kano da Zariya magini kan zauna kan tsani, ya murza ɗanyen yaɓe da yatsa, ya fitar da keke ko agogo ko jirgin sama a gefen dagi. Abin da maigida ke alfahari da shi, shi bango ke faɗa. A lokacin wannan ma sabon abu ne, yau kuwa shi ake kira gargajiya.

Kuma ba ƙyamar al'ada ce ta raba mutane da ƙasa ba. Gidan ƙasa na son yaɓe kafin kowace damina, azara ta yi tsada saboda giginya ta ja baya, ga gara. Magidanci mai albashi ba zai iya wannan hidima ba.

Inda kukan yake da gaskiya shi ne batun gwaninta. Zankon da ake ɗora wa ginin siminti yanzu sau da yawa zubi ne, kowanne kamar ɗan'uwansa. Masu iya ɗaurin guga da bakan gizo, irin aikin da Babban Gwani Mika'ilu ya yi a masallacin Juma'a na Zariya, sai raguwa suke, yaransu sun koma aikin bulo. Wannan asara ce mai zafi.

Tsofaffin maginan ba su ƙare ba tukuna. Ya kamata Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman ta ɗauko su, ta biya su, su koyar da ɗaliban gini tun suna da ƙarfin hawa tsani.